Kwandon Malamar Aji Huɗu

Ina jin tsoro, kuma gara in faɗe shi tun daga farko, domin shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Tsorona shi ne kada aikin da wata baiwar Allah ta shafe fiye da shekara talatin tana reno ya zo ya mutu a hannuna. A ƙarshen wannan zangon karatu malamar aji huɗu ta makarantarmu ta firamare za ta yi ritaya, ni kuma aka ce in gaje ta. Ina da difloma a fannin koyarwa, rubutuna a allo ba ya karkata, ina shirya darasi tun kafin ranarsa. Duk da haka, ban taɓa wucewa ta ƙofar ajinta ba tare da gabana ya faɗi ba. Wanda ya bi ni zuwa ƙarshen wannan rubutu zai ga dalili. Labarin dai nata ne, ba nawa ba.

Kullum da sassafe, maigadi bai gama janye ƙofar ƙarfe ba za a hango ta tafe a hankali, da kwando a kwankwasonta. Tsohon kwando ne, an ɗaure mariƙinsa da waya, an kuma sake ɗaure wayar da wata wayar. Saboda shi ne yara ke kiranta Malama Mai Kwando. Mu malamai kuwa Mama muke ce mata. In ta shiga aji, yaran da suka riga zuwa sukan tura bencina su jingina da bango, su shimfiɗa tabarmi a tsakiya. Ita kuma ta zauna a 'yar kujerarta ta fara fitar da dukiyarta ɗaya bayan ɗaya. Ga faya-fayan kwali da ta yanka da almakashi, wani an raba shi biyu, wani uku, wani shida, wani takwas, kowane iri a cikin tasa jakar ta tsumma. Ga gwangwanayen madara cike da murfin kwalba. Ga tsinken tsintsiya, an yanka shi tsawo ɗaya, an ɗaure goma-goma da roba. Babu abu guda a cikin kwandon nan da za a ce an saya domin koyarwa. Duk abin da duniya ta yar ne, ita ta tsince.

Da ta gama jerawa sai ta miƙe, ta mai da hannayenta baya, damanta ta riƙe wuyan hagunta. Daga nan har a kaɗa ƙararrawa, hannayen nan ba za su sake dawowa gaba ba. Yaro zai yi ta fama da gutsattsarin kwali, ya juya su, ya kife su, amsar tana gabansa kamar ta yi magana, ita kuwa tana tsaye a kansa ba za ta taɓa masa ko ɗaya ba. Wata malama ta taɓa tambayarta dalili. Ta ce, “Hannun malami ɓarawo ne. In ka bar shi a gaba, sai ya sace wa yaro amsarsa.”

Dokar ajinta ɗaya ce, kuma kowane yaro ya haddace ta: mai rabo shi ne ƙarshen ɗauka. In an ba yaro faifan takarda ya raba wa mutum huɗu, sai kowa ya zaɓa kafin shi. Ba sai an yi masa dogon bayani cewa dole kowane kashi ya zo daidai da ɗan'uwansa ba. Tsoron kada ƙarami ya faɗo kansa ya isa ya daidaita masa almakashi.

A bara akwai wata yarinya a ajin da ake yi wa laƙabi da Rediyo saboda surutunta. Ranar da aka zo kan ɗaya bisa huɗu da ɗaya bisa takwas, aka tambayi wanda ya fi girma, Rediyo ba ta ma ɗaga hannu ba.

“Malama, na takwas mana! Ko jariri ya san takwas ta fi huɗu.”

“To, madalla,” in ji Malama. “Ga faifai biyu, girmansu ɗaya. Kira ƙawayenki uku ku raba wannan. In kin gama, kira bakwai ku raba wancan.”

Rediyo ta yanka, aka ɗauka, ta ɗauki nata a ƙarshe. Ta sake yankawa, ta sake ɗaukar nata. Ta riƙe guda a dama, guda a hagu, ta ɗora wannan a kan wancan. Sai ta yi shiru, irin shirun da ajin bai taɓa ji daga gare ta ba.

Wani yaro daga baya ya ce, “Malama, batirin Rediyo ya ƙare.”

Aka fashe da dariya. Yarinyar ba ta ko waiwaya ba, idonta na kan tafin hannunta. Can ta ce, “Malama, ashe in masu ci suka yi yawa, rabon kowa ƙanƙancewa yake yi.”

Malama ta ce, “Ni ban ce ba. Ke kika ce.”

Wannan magana, duk wanda ya zauna a tabarmarta ya san ta. Ba ta cika cewa “daidai ne” ba, ban kuma taɓa jin wanda ya ce ta ce masa “ba ka iya ba”. Abin da yaro ya gano da hannunsa takan mayar masa da shi, ta nuna masa cewa nasa ne.

Murfin kwalba kuma na neman lambobin da ke raba wata lamba ba tare da saura ba. Takan ba yaro goma sha biyu ta ce ya jera su sahu-sahu, kowane sahu daidai da na kusa da shi. Ya yi sahu biyu na shida, ya rushe, ya yi uku na huɗu, ya rushe, har ya ƙure duk hanyoyin da sha biyu za ta yarda ta jeru. Sannan ta sa a ƙara masa guda ɗaya. Nan ake yin ta, domin sha uku ba ta jeruwa sai dai a sahu ɗaya tal ko a ware su ɗai-ɗai. Duk yadda aka yi, wani murfi zai tsaya a gefe kamar baƙon da ba a gayyata ba. Yaran ajinta ne suka raɗa wa irin waɗannan lambobi suna, masu taurin kai, sunan kuma ya bi ajin daga shekara zuwa shekara.

Maigadi ya ba ni labarin wani direban babbar mota da ya taɓa zuwa a fusace, yana jan ɗansa da hannu. Tun daga bakin ƙofa ake jin muryarsa.

“Ina malamar take? Makaranta na kawo shi ko bola? Yaro ya koma bin kwata yana tsintar murfin kwalba, maƙwabta sun fara yi mini jaje!”

Malama ta gaishe shi, ta tambayi hanya, ta tambayi iyali, ta sa aka kawo masa kujera. Sannan ta ce wa yaron ya zuba wa babansa goma sha bakwai a kan benci, ya gaya masa abin da ake so. Direba ya ce wannan ai wasan yara ne. Ya jera, ɗaya ya ragu. Ya sake, biyu suka ragu. Ya cire hularsa ya ajiye. Ɗan ya matso ya ce a hankali, “Baba, bar ta, mai taurin kai ce.” Uban ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, “To, ai ta yi gadon gidanmu.” Maigadi ya ce tun daga lokacin, duk sanda mutumin ya dawo daga doguwar tafiya sai ya ajiye leda cike da murfin kwalba a ɗakin gadi ya ce a kai wa Malama. Ɗan ya daɗe da barin makarantar, ledar ba ta daina zuwa ba.

Shaidar da ta fi tsaya mini a rai kuwa ta wata ma'aikaciyar jinya ce da ke aiki a ɗakin yara na asibiti. Ta ce a lokacin da take aji huɗu ta rantse cewa sifili ɗigo biyu biyar ya fi sifili ɗigo biyar, tunda a ganinta ashirin da biyar ce ake gwadawa da biyar. Malama ba ta musa mata ba. Ta nuna mata babban ɗauri na tsinke ta ce wannan shi ne ɗaya cikakke. A cikinsa akwai ƙananan ɗauri goma, a cikin kowane ƙarami akwai tsinke goma. Ta sa ta ɗebi ƙananan ɗauri biyar a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma ɗauri biyu da tsinke biyar. “Wallahi hannuna ne ya fara ganewa kafin kaina,” in ji ta. “Har yau, in zan ja magani a sirinji in yi wa jariri allura, sai na ji nauyin tsinken nan a tafin hannuna. Likita ya rubuta ɗigo, ni kuma ina ganin ɗauri. Akwai iyayen da ke goye da 'ya'yansu lafiya lau, ba su san akwai hannun wata tsohuwa mai kwando a ciki ba.”

Mama, ke ce wadda kika durƙusa shekara da shekaru domin idonki ya zo daidai da na yaro, har gwiwoyinki suka fara kai ƙara. Ke ce kika yanka kwali har almakashi ya bar miki kanta a yatsa. Ke ce kika ɗauki hayaniyar aji a kanki, aka yi ta ce miki ajinki ya fi kasuwa ƙara, kika ce ajin da ya yi tsit wataƙila barci yake yi da ido buɗe. Ba a taɓa kiran sunanki a wani babban taro ba, ba a taɓa rataya miki lambar yabo ba. Uwar masu rabo, wadda kullum ita ce ƙarshen ɗauka.

Faya-fayan nan nata da yawa ba su cika ba. Yara sukan sa gutsure a aljihu su tafi da shi gida, wani da mantuwa, wani da gangan. Ba ta bincike aljihu, ba ta kuma gaggawar yanka sabo. Takan ce abin da ya shiga aljihun yaro bai ɓata ba, ƙarin karatu ya tafi. Giɓin da ya rage kuma shi ma malami ne: ta sa a haɗa faifan a ƙasa, ta tambaya, “Nawa ne ba ya nan?” Gefunan kwalin duk sun yi baƙi, sun yi laushi saboda yawan taɓawa. A wurinta wannan baƙin shi ne shaidar aiki.

Da ritayarta ta matso, Hedimasta ya kafa kwamiti domin a karrama ta. Mutumin kirki ne, yana kuma ganin girmanta ƙwarai. Kwamitin ya yanke shawarar da kowa ya yaba: a karɓi kwandon, a kai wa kafinta, ya manne faya-fayan nan da murafun da ɗaurin tsinken a kan babban allon katako, ya shafa musu man ƙyalli, ya rufe da gilashi, a rataye a ofis domin na baya su gani. Da Hedimasta ya je ajinta ya gaya mata, yana murna kamar mai kai albishir, ta saurare shi har ya gama. Ta yi godiya, ta yi addu'a. Ta tattara kayan da kanta, ta ɗaure bakin kowace jaka, ta miƙa masa kwandon da hannu biyu. Mutum ya zo da alheri a fuskarsa, ina za ta sa bakin da za ta ce a'a?

Washegari ta shigo makaranta hannu rabbana. Maigadi ya ce sai da ya sake dubawa kafin ya gane ta. A aji wata yarinya ta tambaya, “Malama, ina kwando?” Ta ce, “Ya tafi a yi masa kwalliya.” A ranar, da duwatsun bakin famfo aka yi darasi.

Bayan 'yan kwanaki kafintan ya aiko yana neman ta zo ta nuna masa yadda za a jera kayan. Shi ma tsohon ɗalibinta ne, yanzu magidanci ne mai furfura a gemu. Ni aka ce in raka ta bayan an tashi. Muka same shi a shagonsa, ƙasa duk garin katako, allon yana kwance a kan teburin aiki, kwandon yana gefe a buɗe. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya share mata benci da gefen rigarsa, ta ce a tsaye ta fi jin daɗi. Ta tsaya a bakin teburin, hannayenta a baya.

“Malama, ni fa na rikice,” in ji shi. “Wannan na kashi shida, biyar na gani. Na kashi takwas, biyu babu. In yanka sababbi in cike?”

“Waɗanda babu suna gidajen mutane, ɗana.”

“To, bari in cike, kada a ce aikina ne bai yi kyau ba.”

Ya buɗe gwangwanin gam, ya tsoma buroshi ya ajiye a baki. Ya ɗauki wani rabin faifai, mafi tsufa a cikinsu, ya ɗaga shi ga haske. “Wannan dauɗar ta gefe kuma zan bi ta da samfefa, ta fita tas, kamar sabo.” Ya ajiye shi a kan allon, ya miƙa hannu ya ɗauki buroshin.

Sai hannun Malama ya fito. Ba da sauri ba, ba kuma da faɗa ba. Ya taho daga bayanta ya sauka a kan rabin faifan nan ya rufe shi, kamar yadda ake rufe kan jariri daga rana. 

Kafinta ya tsaya da buroshi a hannu, gam yana ɗiga a ƙasa. Muryarsa ta yi ƙasa. “Malama, hannunki ya fito.”

Ta dubi hannun kamar na wani ne. Ta janye shi a hankali. “Tsufa ne,” ta ce. “Yi aikinka, ɗana. Sa ka aka yi.”

Ya mayar da buroshin, ya rufe gwangwanin, ya danna murfin da tafin hannu har ya zauna. “Shekara guda na yi a tabarmarki ina roƙon Allah hannun nan ya fito ya taimake ni, bai fito ba. Yau da ya fito, ni ban isa in manna komai ba. Kwamiti ya sake zama, ko ya nemi wani kafintan.”

Muka kama hanyar komawa. Sai da muka kusa rabuwa ta ce, ba ma ni take kallo ba, “Faifan da aka manne ya zama ɗaya har abada. Ba zai sake zama rabi a hannun kowa ba.” Sannan ta juyo. “Kada ka gaya wa Hedimasta, ƙaramin malam. Wanda ya yi niyyar alheri ba a watsa masa ƙasa a ido.”

Ban gaya masa ba. Kafintan ne ya ɗauko kwandon da kansa ya kawo ofishin malamai, ya ajiye a tsakiyar tebur, ya faɗi abin da ya gani. Aka tara malamai, aka kira Malama, ta zauna can kusa da taga. Hedimasta bai yi fushi ba. Ya cire tabarau ya murza idanunsa.

“Mama, ki gafarce ni, ba don in ɓata na yi ba,” ya ce. “Na daɗe a aikin nan. Na ga inda kayan malaman da suka tafi suke ƙarewa: a jefa su sito, gara ta ci rabi, mai shara ya ƙone rabi. Na ce gara gilashi da gara. In akwai mai ɗaukar kwandon nan ya yi aiki da shi, ni ne farkon mai murna. In babu, a bar ni in adana shi yadda na iya.” Ya dubi malamai ɗaya bayan ɗaya. “Akwai?”

Kowa ya san ajin wa zai zama. Idanu suka taru a kaina.

Kafin in faɗi abin da ya biyo baya, bari in sauke nauyin da ya sa na fara wannan rubutu. Mama, mun gode. Mun gode a madadin yaran da suka shiga ajinki suna tsoron lissafi suka fita suna wasa da shi, da iyayen da ba su san abin da kika zuba a hannun 'ya'yansu ba, da mu da muka koya daga gare ki ta taga. Allah ya saka miki da mafificin alheri, ya ba gwiwoyinki hutu, ya sa abin da kika shuka ya bi ki. Ku kuma 'yan'uwana malamai, a duk inda kuke, ba a rasa kwali a bayan shago, ba a rasa tsohuwar tsintsiya a gida. Ku durƙusa. Ku bar yaro ya yanka, ya karkace, ya sake yankawa. Iyaye, in kun ga murfin kwalba a aljihun ɗanku, ku tambaye shi abin da ya koya kafin ku zubar. Kuma in akwai irin wannan baiwar Allah a kusa da ku, ku gode mata tana ji, ku kuma tambaye ta irin godiyar da take so.

A ofishin nan, abin da nake tsoro duk ya taso mini lokaci ɗaya: hayaniya, murafu a ƙarƙashin benci, yaro ya yi tambayar da ban shirya mata ba, mai duba makarantu ya leƙo ya tarar da ni a tabarma. Na juya wajen Malama ko za ta yi mini alama da kai, ko ta ce wani abu da zai sauƙaƙa mini. Ta miƙe daga kujerarta a hankali, ta dube ni, ta mai da hannayenta baya.

Sai na tashi. Na ɗauki kwandon ta mariƙinsa na waya, ya fi yadda na zata nauyi. Na ɗaga muryata yadda har maigadi da ke bakin ƙofa zai ji.

“Ranka ya daɗe, a mayar wa kafinta da gilashinsa. Kwandon nan aji huɗu zai koma, a ƙasa, a hannun yara, da giɓinsa da baƙinsa. Zan tura bencina bango, zan mai da hannuna baya, in na yi kuskure in sake. Malama ba ta ce ba. Ni na ce.”